Kambun Ganye a Kan Petrel

Wilfred Gouthro munafuki ne, kuma a rubuta sunansa cikakke don kada a ce wani Wilfred ɗin ake nufi. Shi dai, akawun rumfar binciken kaya da takardun matafiya ta kwatar jiragen ruwa a North Sydney, mai gashi shafe da mai kamar saniya ta lashe shi. Saura ƙiris ya raba yarinya da wanda take so, ya tura ta Boston wanke-wanke a gidan mutanen da ba su san ubanta ba. Har yau yana yawo a gari da hula a karkace yana cewa shi bai yi ƙarya ba. To a ji yadda aka yi, kowa ya yanke da kansa.

Dolina MacAskill a ɗakin shayin tashar jirgin ƙasa take aiki, ƙarƙashin yayar ubanta, Goggo Morag, wadda ta raine ta tun rasuwar mahaifiyarta. Shekara biyu ke nan da ƙare yaƙi, amma kwata ba ta huta ba. Sojoji na ta komawa gida, 'yan tsallake na ta kwararowa daga Newfoundland neman aiki, ga gangunan kifi, ga taragun kwal. Sau uku a mako jirgin fito Petrel ke isowa da safe, ita kuwa Dolina takan ɗauki babbar buta ta kai wa masu kama igiya shayi.

Wata Litinin tana tsaye da butar sai wani abu ya faɗo daga sama ya doke ta daga hannunta. Dunƙulen kan siririyar igiyar da ake fara jefowa ne kafin a ja babbar. Shayi ya malale a katako, murfi ya gangara ya faɗa teku.

Ta ɗaga kai. Wani dogon saurayi mai jajayen kunnuwa ya leƙo daga gaban jirgi, ya cire hula.

"Yi haƙuri, agwagwata."

"Wa kake kira agwagwa?"

"Ke mana. Na ga kin jiƙe."

"In haka kake jifa, ban san yadda aka yi muka ci yaƙin nan ba."

Masu kama igiya suka tuntsire da dariya. Tsoho Dan Joe, babbansu, ya ce mata kada ta damu, haka 'yan tsallake ke kiran kowa, har matar kyaftin agwagwa ce a bakinsu. Dolina ta tsinci butarta ta tafi. Sai da ta kai ƙofar tasha ta waiga. Yana nan inda yake, hula a hannu, wani yana yi masa tsawa ya ja igiya.

Ranar Laraba dunƙulen ya sauka taku biyu daga ƙafarta, a hankali kamar an ajiye shi da hannu. An ɗaure takarda a jikinsa. Dan Joe ya kwance ya miƙa mata yana kallon wani wuri.

"Sunana Hedley Lomond. Ban yi barci ba saboda murfin nan. Na tambayi kifaye sun ce ba su gan shi ba. In kin yafe, jibi ki ɗaga butar sama in gani."

Ba ta ɗaga ba. Ta dai zo da sabon ƙyalle a gashinta.

Daga nan igiyar ta zama gidan wayarsu. Awa uku kawai Petrel ke yi a kwata, 'yan jirgin kuma ba sa sauka sai kyaftin ya ga dama, don ƙasarsu daban ce, dokarsu daban. Shi ya jefo, ita ta saka amsa a cikin kwandon burodin da ake aika wa kicin ɗin jirgi.

"Ɗan tsallake, Goggo ta ce rubutunka kamar kaza ta taka tawada. Ni dai na karanta. Ka sa rigar sanyi, na ga kana tari."

"Agwagwata, tarin na ganinki ne. Tun daga bakin mashigi nake neman jan ƙyallenki, in na gan shi sai in san mun iso."

Wata ɗaya sau ɗaya jirgin kan wuni Lahadi a wannan gefen, a wanke tukunyar injinsa. A irin ranar suke tafiya a bakin ruwa har wajen fitilar jirage. Ya gaya mata shekara biyar ya yi a jiragen da ke rakiyar kaya lokacin yaƙi, sau ɗaya aka tsamo shi daga ruwa da ƙugiya kamar buhu. Ya gaya mata ƙauyensu gida goma sha tara ne a kan dutse, ba hanyar mota, sai jirgi. Har ya gaya mata, don shi ba ya iya ɓoye komai, cewa uwarsa ta daɗe tana nuna masa Lavinia 'yar maƙwabta.

"Kyakkyawa ce?"

"Ta iya shanya kifi."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

"Ni ma ba kifi nake nema ba."

Duk wannan a idon Wilfred ake yi. Shekara guda yana zuwa ɗakin shayi yana zama a kujerar kusa da murhu, kofi ɗaya ya kai shi awa. Uban Dolina bai ƙi shi ba, don aikin gwamnati ne da shi, ƙafarsa kuma a bushe take kullum. Ita ce dai ba ta taɓa yi masa kallo na biyu ba. Sai ya koma sakin magana.

"Ɗan jirgi ai gida biyu gare shi, Dolina. Ɗaya a kowane gefen ruwa. Ni ke riƙe da littafinsu, na san abin da na sani."

Goggo Morag ta ɗauke kofin daga gabansa tun bai shanye ba.

Ranar da Hedley ya je gaban Rory MacAskill, ya ari kwat ɗin da hannunsa bai kai wuyan hannu ba. Rory direban jirgin ƙasa ne, shekara talatin da ɗaya yana jan jirgin safe zuwa mashigin Canso, kuma mutanen unguwa da kukan jirginsa suke saita agogo. Aka ci kifin gishiri da dankali. Hoton Lachie, wan Dolina, yana rataye bisa murhu cikin kayan sojan ruwa.

Da aka kwashe kwanuka Rory ya ce, "Ba ni da abin faɗa a kanka, yaro. An ce ba ka sha, an ce kana aika wa uwarka. Amma ka ga wancan? Ko kabarinsa ba ni da shi. Teku ta ci min ɗa, ba zan ba ta 'ya ta zauna a taga tana ƙirga kwanaki ba."

"Baba, fito ne kawai, dare ɗaya..."

"Ke yi shiru. Dare ɗaya ya isa."

Hedley ya juya hularsa a gwiwa. "In na bar ruwa fa, Baba?"

"Ka bar shi tukuna. Ka zo min da takardun zama a ƙasar nan, da hatimi, ba da baki ba. Ran nan sai mu yi magana."

A baki abu ne mai sauƙi. Takardar haihuwarsa tana wurin faston ƙauyensu, zuwa da dawowa kwana biyu a ƙaramin jirgi, ana kuma son takardar likita. Petrel ba ta da isassun ma'aikata, kyaftin ya ce ba hutu sai kaka. Ya rubuta wa faston wasiƙa sau biyu, shiru. Ƙanƙara ta zo ta rufe mashigi, ta narke. Dolina ta fara gajiya da kallon da mata ke yi mata a coci.

Lahadin ƙarshe da suka fita, a farkon Afrilu, ta kasa riƙe bakinta.

"Wata biyar, Hedley. Wanda ke so da gaske yana samun hanya."

"In na gudu daga aiki ba sallama, wa zai ɗauke ni a nan? Babanki ma zai ce ga halin."

"To ka zauna. Ka je ka auri Lavinia, ita ba ta bukatar hatimi."

"Agwagwata."

"Kada ka ƙara kirana haka."

Ta juya ta bar shi a bakin ruwa. Ranar Litinin jirgin ya tashi tana ɗakin shayi, ta ƙi fita. Daga baya ta yi ta goge tebur ɗaya har Goggo ta ƙwace tsumman.

Ranar Laraba ta fito da wuri, da jan ƙyalle, da takardar ban haƙuri a aljihu. Petrel ta fito daga hazo a hankali. Tun kafin a ga mutanen cikinta, Dan Joe ya kare ido da hannu ya ce, "Au, biki aka yi."

Can sama tsakanin sandunan jirgin kambun ɗanyen ganye ne ke lilo, da fararen ƙyallaye. Ko yaron goye a kwatar nan ya san ma'anarsa. In ɗan jirgi ya yi aure ana ɗaga kambu, kyaftin kuma ya bar ango a gida tafiya ɗaya. Ba a tambaya. Kai ake ƙirgawa, wanda babu shi ne ango.

Masu kama igiya suka shiga ƙirge suna dariya. Ga mataimakin kyaftin. Ga tagwayen injin. Ga tsoho Uriah kuku yana zubar da ɓawon dankali a ruwa. Dariyar ta yi ta raguwa. A gaban jirgi, inda Hedley ke tsayawa, wani gajere ne ke naɗe igiya.

Dolina ta ja baya har ta jingina da ganguna. Idonta na kan kambun, ba ta ga inda igiyar ta faɗi ba. Ta dai ga mutane na satar kallonta.

Wilfred ne ke fara hawa kowane jirgi da littafinsa kafin a saki fasinja. Ya hau, ya jima, ya sauko yana kakkaɓe garin kek daga gashin bakinsa. Ta tare shi a gindin tsani, ta rage murya.

"Wilfred, na wa ne?"

"Ni ba na shiga sha'anin mutane. Kina da ido, ƙirga ki ga wa babu."

"Ina tambayarka."

"An ce amaryar ta daɗe tana jiransa. An ce 'yar can ce, ta san kan kifi." Ya sunkuyar da kai kamar mai ta'aziyya. "Na so in faɗa miki tun tuni, Dolina."

Ta ajiye butar a kan ganga, ta bi ta bayan rumfa ta tafi gida. A hanya ta yayyaga takardar aljihunta.

Da ubanta ya ce mata ai na faɗa miki, da ta samu abin yi wa faɗa. Bai ce ba. Ya dawo da yamma, ya wanke hannu, ya zauna kusa da ita, ya ɗora tafinsa mai kaushi a kanta. Nan ta fashe da kuka.

"Baba, ka tura ni Boston wurin ƙawata Katie Ann. Ta ce gidan da take aiki suna neman mai wanke-wanke."

Goggo Morag ta ce, "Ba inda za ki. Ki jira jirgin Juma'a ki tambayi kukun, da bakinsa."

"In tsaya a kwata gaban kowa in ɗaga murya in ce ko saurayina ya yi aure? Ni na ce masa ya je ya aure ta, Goggo. Da bakina na faɗa."

"Baki ai yana faɗin abubuwa. Ni ban yarda da duk maganar da ta fito ta ƙarƙashin gashin bakin nan ba."

Amma Rory ya riga ya miƙe. Washegari ya yanko tikiti.

Ranar Alhamis ɗin Wilfred ya zo gida da furanni a takarda. Ya ce ba sai ta tafi ba, shi ba ya duba abin da ya wuce, ya ma kama gida mai ɗaki uku. Dolina ta dube shi daga takalmi zuwa gashi.

"Na gode. Gara in wanke tukwanen Boston."

Nan lissafinsa ya karye, amma ko a lokacin bai buɗe baki ya gyara ba. Ya ɗauki furanninsa ya fita.

Jirgin safe yakan jira fasinjan Petrel su fito daga rumfar bincike, ya tashi tara da minti goma. Ko sarki ne bai fito ba, tara da goma Rory ke ja. Ranar Juma'a Dolina ta shiga tarago da akwatinta, ta zaɓi kujerar da ba ta kallon ruwa. Ta ji kukan Petrel, ta ji ana ɗaure ta, ba ta juya ba. Taragon ya cika da 'yan tsallake da ƙunshinsu da warin kifi. Wata mata ta ba ta alewa, ta karɓa ta riƙe a hannu.

Tara da goma ta yi. Ta rufe ido tana jiran fizgar farko.

Shiru.

Tara da sha biyu. Wani ɗan kasuwa ya ciro agogonsa ya girgiza shi a kunne. Kwandasta ya wuce da sauri yana magana shi kaɗai. Sai aka buga gilashin tagarta da ƙarfi. Goggo Morag ce, ko rigar aikinta ba ta cire ba, ta riƙo hannun wata ƙatuwar dattijuwa mai hula da furen takarda.

"Buɗe. Ke kuma baiwar Allah, maimaita mata abin da kika faɗa min a kan shayi."

Matar tana haki ta ce, "Cewa na yi a zuba min sukari uku, amarya ce ni. Tryphena sunana. Talata aka ɗaura mana da Uriah kuku. Shekara ashirin da biyu ina jiran tsohon nan ya yi magana, agwagwata, sai da haƙoransa suka ƙare."

Dolina ta riƙe bakin tagar. "Kambun..."

"Namu ne mana. Kyaftin ya ce ya zauna gida tafiya ɗaya, tsohon ya ce wa zai ciyar da mutane, kuma ya ji kunya a ce ango da furfura. Washegarin aurena mijina dankali yake feraya. Sai ya ba yaron nan Hedley hutunsa, ya ce maza ga ƙaramin jirgi zai tashi, je ka kwaso takardunka. Ai ya rubuto miki, a gabana aka ɗaura a igiya."

"Yana ina?"

Goggo ta ce, "Yana rumfa. Yau ba ɗan jirgi ba ne, baƙo ne mai shiga ƙasa, dole ya bi layi. Sau uku yana kaiwa gaban tebur, sau uku mai gashin baki na mayar da shi baya. Sauko, ƙafafunki ba su mutu ba."

Ba ta san yadda ta sauka ba. Ta dai tsinci kanta a gefen kan jirgi, tururi na busowa a ƙafarta. Ubanta yana ƙasa da doguwar butar mai, yana ɗiga wa wani ƙarfe da ya riga ya sha mai tun asuba. Shugaban tasha na tsaye a kansa da agogo a tafi, fuskarsa ta yi ja.

"MacAskill, minti biyar."

"Ƙarfen nan ya yi zafi."

Shugaban ya taɓa. "Sanyi ƙalau."

"Hannunka ne ke da sanyi. Ni na ce ya yi zafi, ba na jan mutum ɗari biyu a kan ƙarfe mai zafi." Bai dubi Dolina ba ya ce, "Zai ɗauki minti goma kafin ya huce. In wani yana da abin dubawa a rumfar can, ya je ya duba."

Ta ruga.

Rumfar ta kusa watsewa. Hedley na tsaye can ƙarshe da akwatin katako a ƙafarsa, takardu a hannu, ya rame, gemu ya fito masa. Kwana huɗu yana kan ruwa daga wannan jirgi zuwa wancan. Yana roƙon Wilfred, murya a dishe.

"Don Allah ka duba. An ce tana cikin jirgin nan. Ka buga min, in ya so ka tsare akwatin."

"Kowa da layinsa. Hoton nan ma bai yi kama da kai ba."

"Hedley," in ji Dolina.

Ya juyo. Igiya ce kawai aka gitta tsakanin waɗanda aka sallama da waɗanda ba a sallama ba. Ya zo har bakinta ya tsaya, ita ma ta tsaya.

"Ba ka yi aure ba."

"Da wa? Ina can ina bin fasto daga wannan tsibiri zuwa wancan. Ashe wasiƙuna biyu suna aljihun rigarsa bai buɗe ba. Kin yarda zan yi miki haka?"

"Ni na ce ka je."

"Kin kuma ce wanda ke so yana samun hanya. Wannan na ɗauka, ɗayar na bar ta a bakin ruwa."

Ta sa hannu ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa, ita kanta ba ta san dariya take ko kuka ba.

"An hana ni wani suna," ya ce a hankali. "Ban sani ba ko an ɗage dokar."

"Faɗi."

"Agwagwata."

Takun takalmi mai nauyi ya shigo rumfar. Rory ne, shugaban tasha na biye da shi, bayansu Goggo da amaryar kuku da Dan Joe. Rory ya dire butar man a tsakiyar littafin Wilfred, baƙin mai ya fara zagaye gindinta.

"Jirgina yana tsaye, Gouthro. Yana nan tsaye har sai an duba takardar yaron nan. Duk wanda ya tambaye ni dalili, nan zan nuno masa."

Hayaniyar ta fito da babban jami'in rumfar daga ofishinsa. Ya karɓi takardun, ya duba gaba da baya, ya dubi Hedley, ya dubi hoton. Ya ɗauki hatimi da hannunsa ya buga.

Dan Joe ya ce, "Ni dai na ga takarda a igiya ranar Laraba. Na miƙa hannu, wannan ya riga ni, ya ce shi zai kai mata. Na ɗauka ta karanta ne ta tafi."

Wilfred ya ce, "Ni ban faɗi ƙarya ko ɗaya ba. Na ce ta ƙirga ne."

Rory ya karɓi takardun daga hannun Hedley, ya goge yatsunsa a wando, ya karanta su layi-layi, har sunan faston. Ya ninke ya mayar.

"Litinin ƙarfe shida, gidan injuna. Ka zo da tsummanka. Shekara biyu za ka yi kana goge ƙarfe kafin a bar ka ka taɓa shebur ɗin zuba kwal."

"Na gode, Baba."

"Ka sauke akwatin yarinyar nan daga jirgina, tana ɓata min lokaci."

Jirgin safe ya tashi tara da ashirin da bakwai. Matan unguwa da yawa sun ƙona burodi ran nan, suna jiran kukan da bai zo a lokacinsa ba.

A kan dakalin tasha Dolina ta zauna kan akwatinta, Hedley ya zauna kan nasa. Ta buɗe tafinta ta ga alewar nan ta narke ta manne. Ta ce, "Ba za ka yi kewar ruwa ba?"

"Zan riƙa ganinsa ta taga. Daga nan ya fi kyau."

"In na sake yin fushi na ce ka tafi fa?"

"Sai in tafi bayan gida in dawo."

Goggo ta kawo musu shayi da burodi mai man shanu, ta tsaya a kansu har sai da Hedley ya cinye yanka huɗu.

A watan Yuni aka ɗaura auren a ƙaramin cocin kan tudu. Uwar Hedley ta tsallako a karon farko a rayuwarta, ta riƙe fuskar Dolina da hannu biyu ta ce ashe yaron bai yi ƙari ba. Uriah ya dafa abincin mutum ɗari, Tryphena na bayansa tana cewa gishiri ya yi yawa. Masu goge uku suka yi ta ja, 'yan jirgi da 'yan reluwe suka yi rawa a fili ɗaya ba wanda ya daki wani, abin da ba a taɓa gani ba. Da aka nemi uban amarya ya yi magana, Rory ya miƙe da kofinsa a hannu.

"Na samu ɗa," ya ce. "Allah ya sa ku tsufa a gida ɗaya, kowa ya dawo da yamma ya tarar da ɗan'uwansa. Allah ya ba ku 'ya'ya masu jin magana fiye da uwarsu."

Aka ce amin, Dolina ta ɓoye fuska a kafaɗar mijinta. Yanzu suna ɗaki biyu a bayan tasha, shi yana dawowa baƙi ƙirin da mai, ita tana yi masa tsiya tana ɗora ruwan wanka. An gode Allah, hankalin kowa ya kwanta.

Amma magana ba ta ƙare ba. Minti goma sha bakwai ɗin nan an rubuta su a takardar aikin Rory MacAskill da jar tawada, an kira shi ofis an tsayar da shi kamar ɗalibi, mutumin da shekara talatin da ɗaya bai makara ba. Shi ba zai yi ƙorafi ba, ba halinsa ba ne. Wanda ya jawo abin kuwa yana nan a teburinsa, ko gira ba a ɗaga masa ba, an dai sake masa littafi. Takardar da ya kwance daga igiya har yau ba ta kai hannun mai ita ba. Shugabannin rumfa suna da kunne, shugaban tasha ya gani da idonsa, Dan Joe yana raye. A goge jan nan daga sunan Rory. A kira Wilfred Gouthro ya tsaya a kwata ranar da Petrel ta iso, gaban masu kama igiya da duk wanda ya kalli yarinyar nan ran Laraba, ya fito da takardar, ya faɗi da bakinsa dalilin da ya sa ya riƙe ta.